Tausa ga mai cutar daji: yadda ake koyonta, da yadda ake yinta ba tare da an cutar da majinyaci ba

A shekarar da aka yi wa Gwaggo aikin cire mama, ni ce na kwana da ita a ɗakinta a Gwammaja. Wani dare cikin hunturu ta kira ni ta ce, "'Yar nan, zo ki ɗan matsa mini hannun nan, ya yi mini nauyi kamar ba nawa ba." Na yi abin da na tashi na ga ana yi: na ɗauko man zafi, na jiƙa tawul a ruwan ɗumi sosai, na gasa hannun, na murje shi da ƙarfina tun daga kafaɗa har yatsu. Ta yi ta sa mini albarka. Bayan kwana biyu zoben da ke yatsanta ya ƙi fita, hannun ya cika ya yi tauri. Da muka je sashen gashi na asibiti, wato fisiyo, likitar da ta duba ta ta tambaye ni abin da aka yi wa hannun, na faɗa mata ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaunar da ni ta ce an cire wa Gwaggo kaluluwar hammata lokacin aikin, nauyin nan da ta ji shi ne alamar farko cewa ruwa ya fara taruwa, kuma zafi da murza su ne abubuwa biyu da hannun nan bai kamata ya gamu da su ba.

Daga ranar na fara koyo, kuma abin da na gane shi ne yawancin karatun nan rage ƙarfi ne, da sanin inda ba a taɓawa. Hannun da muka gada a gida, na ungozoma da mai ɗori da mai gasa maijego, hannu ne mai ƙarfi, yana da amfaninsa a wurinsa. Jikin mai cutar daji kuwa wani jiki ne daban. Zan yi magana da mace don mata ne suka fi ɗaukar jinya a gidajenmu, amma duk abin da zan faɗa ya shafi namijin da ke jinyar mahaifinsa ko yayansa.

Abin da tausa ke yi da abin da ba ta yi

Tausa ba ta warkar da daji, ba ta narkar da ƙari, ba ta maye gurbin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, ko tiyata ko gashin na'ura da ake kira rediyoterafi. Duk wanda ya ce miki yana narkar da ƙullutun mama da mai da murza, ki ɗauke mara lafiyarki daga wurinsa. Abin da take yi shi ne rage raɗaɗi da fargaba da gajiya da tashin zuciya, ta kuma taimaka wa barci. A 2004 asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York ya fitar da bayanin majinyata 1,290 da aka yi wa tausa, inda ƙorafinsu na ciwo da damuwa da gajiya ya ragu da kusan rabi bayan an gama. Wani bincike na 2008 a Amurka, kan mutum 380 da cutar ta yi nisa a jikinsu, ya nuna sauƙin ciwon na nan take ne, ba ya daɗewa sosai, kuma ɗora hannu kawai a hankali shi ma ya kawo sauƙi. Wannan na biyun ya fi burge ni, domin yana nufin ba sai hannu ya nutse cikin tsoka ba.

Akwai tsoron da ya yaɗu, har a tsakanin ma'aikatan lafiya, cewa tausa na watsa cutar zuwa sauran jiki. Babu hujjar da ta tabbatar da haka game da tausa mai laushi a wuraren da ba ƙarin ba. Yaɗuwar daji ta dogara da canjin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin cutar kansu, kuma jini yana zagaya jiki ko da mutum tafiya masallaci kawai ya yi. Duk da haka ba a danna ƙarin kansa, ko kaɗan.

Mataki na farko: ki san matsayinki, ki nemi malamin da ya dace

Masu neman wannan ilimi iri biyu ne. Akwai mai jinya a gida, wadda mutum ɗaya take kula da shi. Ita abin da take buƙata shi ne a nuna mata a aikace, a kan jikin mara lafiyarta. Ranar da za ku je ganin likita, ko a asibitin Malam Aminu Kano ne, ko na Murtala, ko na Nassarawa, ki roƙi a tura ku sashen gashi, wato fisiyo, ki ce kina so a koya miki abin da za ki iya yi a gida da abin da aka hana. Ki je da littafi da biro, ki yi a gabansu su gyara miki hannu.

Akwai kuma mai son ta mayar da abin sana'a. Ita sai ta fara da tushe, domin tausar masu daji ƙari ce a kan ilimin jikin ɗan Adam, ba a fara gini daga rufi. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da fisiyoterafi, kuma hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya. Nas ko ungozomar asibiti ma tana da tushen da za ta ɗora a kai. Bayan tushen sai kwas na musamman. Ƙungiyar Society for Oncology Massage ta Amurka ta sa awa 24 a matsayin mafi ƙarancin kwas ɗin farko ga wanda ya riga ya ƙware a tausa. Kula da kumburin hannu ko ƙafa bayan cire kaluluwa kuwa fanni ne mai zaman kansa, horonsa cikakke awa 135 ne, kuma ya samo asali daga dabarar da Emil Vodder da matarsa Estrid, 'yan ƙasar Denmak, suka ɓullo da ita a shekarun 1930.

Ana iya karatun ka'idoji ta intanet, amma nauyin hannu ba ya koyuwa ta waya. Kafin ki biya kuɗin kowane kwas, ki tambayi mai koyarwar: ta taɓa aiki da masu daji a asibiti? Za a koyar da karanta sakamakon gwajin jini? Za a yi bayanin kaluluwa da gudan jini da ƙashin da cutar ta shiga? Akwai ranar da za ki taɓa majinyaci na gaske a gaban malama? In aka rasa amsar ɗaya daga cikin waɗannan, takardar shaidar da za a ba ki ado ce kawai.

Mataki na biyu: tambaya kafin taɓawa

Ba a fara wa mai daji tausa sai likitansa ya sani ya kuma amince. Bayan izini sai ki zauna da majinyaciyar, da katinta na asibiti in akwai, ki tambaya a natse. Wane irin daji ne, a ina yake, ya taɓa ƙashi ko hanta ko huhu? An yi tiyata, yaushe, an cire kaluluwa, ta wane ɓangare? Yaushe aka sa kemo na ƙarshe, yaushe ne na gaba? Ana gashin na'ura, a wane wuri? Akwai roba ko bututu da aka dasa a jiki? Tana shan maganin tsinka jini? An taɓa ce mata tana da gudan jini a ƙafa? Ƙafafunta na dindiris ko tsira kamar allura?

Da yawa daga cikin iyayenmu ba su san an cire musu kaluluwa ba, su dai sun san "an yi aiki". Wasu ma dangi sun ɓoye musu sunan cutar. Idan haka ne, kada ki zama ke ce mai fasa ƙwan, amma ki samu wanda ke raka ta asibiti ki ji gaskiyar magana. In babu wanda ya san ko an cire kaluluwar, ki ɗauka an cire.

Mataki na uku: wuraren da hannu ba ya zuwa

Nan ne ainihin karatun, nan kuma zan fi daɗewa.

Kaluluwa kamar matata ce da wani farin ruwa na jiki ke bi ta cikinta kafin ya koma jini. Tana taruwa a hammata da matsematsi da wuya. Idan aka cire ta, ko gashin na'ura ya lalata ta, magudanar ta ƙuntata har abada. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin dajin mama tana samun kumburin hannu, kumburin da ke kama da tundurmi, domin matsalar magudanar iri ɗaya ce ko da yake sanadin daban. Yana iya zuwa bayan wata uku, yana iya zuwa bayan shekara goma. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba hannun kaɗai ke cikin haɗari ba: rabin ƙirji da rabin bayan da ke wannan ɓangaren, daga kafaɗa zuwa ƙugu, duk magudanarsu ɗaya. Idan a matsematsi ko cikin mara aka cire, kamar a dajin bakin mahaifa ko na ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza da ake kira furostet, to ƙafar da mara da ɗuwawun wannan gefen ne. A duk wannan yanki ba murza, ba ruwan zafi, ba man zafi, ba ƙaho, ba tsaga, ba abin da zai sa fata ta yi ja. Iyakarki shafa mai a hankali. In kumburin ya riga ya zo, aikin wanda ya yi horon musamman ne. In kuma wurin ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata, asibiti za a tafi a ranar.

Ƙashi shi ne na biyu. Dajin mama da na furostet suna yawan komawa ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu da cinya, su cinye shi ta ciki kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki fanko. Tattaka bayan da ake sa yara su yi wa tsofaffi, ko danna gadon baya da gwiwar hannu, ko jan ƙafa don a "miƙe jijiya", duk suna iya karya irin wannan ƙashi. Idan mai daji ya ce bayansa ya fara wani sabon ciwo mai tsanani, ƙafafu sun yi sanyi ko rauni, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninsa ba, wannan ba na tausa ba ne, ba na mai ɗori ba ne. Alama ce ta cewa ana danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya sa mutum ya daina tafiya.

Sai gudan jini. Mai daji ya fi sauran mutane haɗarin jini ya daskare a jijiyar ƙafa har ninki huɗu zuwa bakwai, musamman in yana kwance ko yana kan kemo. Abin takaici, ƙafa ita ce wurin da aka fi cewa "ɗan matsa mini". Kafin ki taɓa, ki kwatanta ƙafafun biyu da ido. In sharaɓa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, ko ta yi ɗumi, ko tana ciwo, ki janye hannunki. Matsa ta na iya ɓalle gudan ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa cikin mintuna. Haki na farat ɗaya ko ciwon ƙirji, a nemi mota nan take.

Fatar da ake yi wa gashin na'ura takan yi ja ko baƙi, ta bushe, wani lokaci ta saɓule. Masu zuwa Shika ko Abuja don wannan gashi sukan dawo gida da alamar alƙalami a jikinsu. Kada ki goge alamar, da ita ake saita na'urar. Kada ki murza wurin, kada ki shafa masa wani mai sai wanda ma'aikatan suka yarda da shi. Haka ɗinkin da bai warke ba, da miki, da wurin da aka dasa bututun ƙarin ruwa, da filastar maganin ciwo da ake mannawa a fata: zafi a kan wannan filasta yana sa maganin ya shiga jini fiye da ƙima.

Wasu magungunan kemo, irin su paclitaxel da vincristine da oxaliplatin, suna taɓa jijiyoyin tafin hannu da na ƙafa, mutum ya daina jin zafi ko nauyi yadda ya kamata. Irin wannan majinyacin zai ce ki ƙara ƙarfi don ba ya ji. Kada ki ƙara. Shi kuma capecitabine yakan sa tafin hannu da ƙafa su yi ja su tsage, a nan ko goga ba a yi.

Mataki na huɗu: karanta takardar jini da zaɓen rana

Kafin kowane kemo ana yin gwajin jini da ake kira FBC. Ki koyi duba lambobi biyu a jiki. Filatilet su ne ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, a lafiyayyen mutum suna tsakanin 150,000 da 450,000. In sun sauka ƙasa da 50,000, shafa kawai za ki yi. In sun yi ƙasa da 20,000, ko kin ga tabon jini a ƙarƙashin fata ko dasashi na zubar da jini, ki bari sai likita ya yi magana. Fararen ƙwayoyin jini kuwa su ne sojojin jiki, sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo. A wannan tsakanin ki wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ki yanke farce, ki cire zobe da awarwaro, in kina mura ki aiko da gaisuwa kawai. Zafin jiki da ya kai 38 a na'urar awo ga mai kan kemo gaggawa ce, kada a tsaya ana cewa zazzaɓin sauro ne a sayo magani a kemis.

A cikin awa 48 na farko bayan kemo jiki yana fitar da ragowar maganin ta fitsari da amai, wasu har ta gumi, don haka ki sa safar hannu ko ki jira. Mai juna biyu ta fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Mataki na biyar: horar da hannu

Wata malamar tausa a Amurka, Tracy Walton, ta kasa nauyin hannu gida biyar, kuma asibitoci da yawa na amfani da wannan ma'auni. Na ɗaya shi ne shafa mai a saman fata, kamar yadda kike shafa wa jaririn da bai yi arba'in ba. Na biyu shi ne shafawar da mai ke shiga fata, fatar na ɗan motsi amma tsoka ba ta motsa ba. Na uku tsoka ta fara motsawa. Na huɗu da na biyar su ne irin matsar da manomi ke so bayan ya dawo daga gona. Mai kan magani iyakarsa ɗaya da biyu. Na uku sai ga wanda ya gama magani ya murmure, a wuraren da ba su da haɗari.

Ki gwada a kan lafiyayyun mutanen gida, a ƙalla mutum goma, kina tambaya su faɗa miki lambar da suka ji. Za ki tarar abin da kike kira biyu, su uku suke ji. Ki yi amfani da tafin hannu gaba ɗaya, ba kan yatsu ba, ki kuma rage sauri har sai kin ji kamar kin cika jinkiri. Ni sai da na yi kusan wata guda kafin hannuna ya daina komawa tsohuwar ɗabi'arsa da zarar hankalina ya tafi wani wuri.

Mataki na shida: zaman kansa

Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, sai dai miji da mata ko muharrami. Ki sallami 'yan dubiya cikin ladabi, ki saki labule. Ki kashe turaren wuta, ke ma kada ki shafa humra, domin ƙamshin da ta fi so a da shi ne zai iya tayar mata da zuciya yanzu. Man kaɗe mai tsabta ko man kwakwa ko na zaitun sun wadatar, ki ɗumama shi a tafin hannunki, ki fara gwada kaɗan a fatar hannun da ke lafiya. Ki bar ta a yanayin da ta fi jin daɗi, ko a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko a jingine. Wadda aka yi wa aikin mama ko ciki ba a kifa ta. Ki rufe jikinta da zani, ki buɗe wurin da kike aiki kaɗai. Macen da ta rasa mama ko gashin kai tana jin kunyar jikinta ko a gaban 'yarta, kada fuskarki ta nuna firgita.

Ki yi bismillah, ki ɗora hannu a kafaɗarta mai lafiya ki bar shi a nan har ta yi numfashi uku ko huɗu kafin ki motsa. Zaman farko minti goma zuwa sha biyar ya isa, ko da ta ce ki ci gaba, domin gajiyar takan bayyana ne washegari.

Akwai abin da babu kwas ɗin ƙasar waje da zai koya miki. Mu Hausawa in an ce "ya jiki?" amsar ita ce "da sauƙi", ko da mutum na cizon leɓe. Dattijuwa ba za ta ce wa 'yar ɗan'uwanta ta ji mata ciwo ba, kara ba za ta bar ta ba. Don haka kada ki tambaya "da zafi?", za ta ce babu. Ki ce, "Gwaggo, in rage ko in bar shi haka?" Ki ba ta zaɓin da ba zai sa ta ji ta kushe ki ba. Sannan ki sa ido a kan goshinta da yatsun ƙafarta da numfashinta. In ta riƙe numfashi ko ta dunƙule yatsu, amsar ke nan.

Bayan kin gama kada ta miƙe da sauri, ta zauna bakin gado na ɗan lokaci saboda jiri. Ki rubuta kwanan wata, wurin da kika taɓa, lambar nauyin hannu, da mintuna. Kafin farawa da bayan gamawa ki ce ta nuna miki ciwon da yatsu, daga babu zuwa goma, ki rubuta. Washegari ki tambayi yadda ta kwana. In ta tashi da ƙarin gajiya ko ciwon jiki, ki rage lokaci da nauyi a zama na gaba. Ki riƙa tafiya da littafin nan duk ranar ganin likita, kuma ki sake yin tambayoyin mataki na biyu kafin kowane zama, domin jikin da kika taɓa ranar Litinin ba lallai shi za ki tarar ranar Alhamis ba.

Idan cutar ta yi nisa, jiki ya rame, fata ta yi laushi kamar takarda, sai a koma lamba ɗaya kawai, minti biyar, a tafin hannu ko goshi ko kan ƙafa. A duba bayan ƙugu da dunduniya da kafaɗa saboda gyambon kwanciya, in wuri ya yi ja ba a murza shi, juya majinyaci ake yi duk bayan awa biyu. A makonnin Gwaggo na ƙarshe abin da nake yi ke nan bayan sallar isha'i: in narka man kaɗe a tafina, in riƙe ƙafarta ta dama da hannu biyu, sannan ta hagu, ina karanta mata Falaƙi da Nasi a hankali har sai na ji numfashinta ya daidaita, sannan in ja mata bargo.